Motar Haya da Haƙƙin Mutanen Ƙauyukan Katsina

Duk wanda ya san birnin Katsina ya san cewa kowace ƙofa daga cikin ƙofofinsa tana da nahiyar da take fuskanta, domin Ƙofar Ƙaura ita ce ta Kano, Ƙofar Durɓi ta Daura, Ƙofar Sauri ta Kaita, Ƙofar Guga ta Jibiya har iyakar Nijar, Ƙofar 'Yanɗaka kuwa ta Batsari. Kuma a bisa waɗannan manyan tituna, tun daga asuba har bayan magariba, ba a rasa motar da za a tsayar. Amma da zarar mutum ya sauka daga kwalta ya bi hanyar burji, ko da tafiyar sa'a guda ce a ƙafa, sai ya tarar da jama'ar da idanunsu ke hango hasken birni da dare, alhali kuwa isa gare shi da rana ya fi musu wuya fiye da yadda zuwa Kano ya yi wa mazaunin Ƙofar Soro.

Ba rashin imanin direbobi ne ya jawo haka ba, lissafi ne. Al'adar tashoshinmu ita ce mota ba ta tashi sai ta cika, saboda abin da direba zai kashe na mai, da haƙƙin 'yan kamasho, da abin da zai kai wa mai mota da yamma, duka suna nan daram ko da fasinja uku ya ɗauka ko goma sha takwas. A birni cikar mota al'amari ne na mintoci, amma a ƙauyen da matafiyansa ba su taka kara sun karya ba, kuma kowa da sa'ar da lalura ta same shi, motar tana iya wuni ba ta cika ba. Idan ma ta cika a zuwa, to a komawa wayam za ta tafi, ga yashi da kwazazzabai suna cin tayoyi da ƙafafun mota, ga bakanike yana jiran rabonsa. Saboda haka sai direba ya ƙaurace wa hanyar, mutane su ɗebe tsammani su koma ga ɗan acaɓa ko amalanke, rashinsu a bakin hanya kuma ya zama hujjar da za a kafa cewa garin ba shi da fasinja.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsananta lamarin, domin litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ma'aikacin birni ya koka, an kuwa ji kukansa. Manomin da zai kai buhun gero biyu kasuwar Charanchi ko ta Mai'aduwa ranar Lahadi, wanda kuɗin dako ke cinye ribarsa tun bai kwance bakin buhu ba, shi ba shi da ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsa. Haka nan matar da naƙuda ta yi wa gardama cikin dare, wadda sai an yi karo-karo an ɗauko shata kafin a kai ta asibitin Turai 'Yar'aduwa, da yarinyar da ta kammala firamare ta zauna gida domin sakandaren tana da nisa kuma iyayenta ba su aminta da doguwar tafiyar ƙafa ba.

Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙira a 1987 kuma take da ƙananan hukumomi 34, tana da hukumar sufuri tata, wato KTSTA, kuma gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙara mata sababbin motoci bayan tashin farashin mai. Wannan abin yabo ne, kuma talakawa sun shaida rangwamen. Sai dai galibin ƙarfin hukumar yana kan manyan hanyoyi ne, zuwa Kano da Kaduna da Abuja da Funtuwa da Daura, inda fasinja ke da yawa kuma mota ke mayar da kuɗinta. Ni kuwa a ganina, inda ɗan kasuwa ba zai je ba, nan ne zuwan hukuma ya zama wajibi.

Malamanmu na farko ba su bar wannan babi a buɗe ba. Littafin Usulus Siyasa, wanda Muhammadu Bello ya rubuta wa Malam Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi, ya lissafa kula da hanyoyi da kasuwanni da gadoji cikin abubuwan da ke wuyan shugaba domin maslahar talakawansa. Shari'a kuma ta sanya matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin jinsi takwas da suka cancanci zakka. To, idan baitulmali yana haƙa rijiya a ƙauye ba tare da neman riba daga kowane guga ba, babu dalilin da zai sa a auna motar ƙauye da ma'aunin riba kaɗai. Turawa ma da suka yi nisa a wannan fanni a kan haka suke: a ƙasar Suwizalan, motocin gidan waya, waɗanda suka fara aiki tun 1906, suna shiga ƙauyukan kan duwatsu a kan lokaci tsayayye, hukuma na cike giɓin abin da kuɗin fasinja bai biya ba.

Tsayayyen lokacin nan shi ne ginshiƙin al'amarin, ya ma fi yawan motoci muhimmanci. Idan mutanen gari suka tabbata cewa kowace ranar kasuwa, da wasu ranaku biyu a mako, mota za ta tsaya a ƙofar gidan dagaci bayan sallar asuba, ta kuma dawo da su bayan la'asar, ko ta cika ko ba ta cika ba, to mai zuwa asibiti da mai kai kaya da ɗalibi duk za su daidaita bukatunsu da wannan sa'a, kuma fasinjan da a da suke warwatse cikin mako za su taru a mota ɗaya. Watannin farko za a yi asara, babu makawa, domin aminci ba ya kafuwa sai an jarraba alkawari an ga bai saɓa ba. Ba kuma lalle ne hukuma ta sayi mota ga kowane gari ba. Tana iya ƙulla yarjejeniya da direbobin ƙungiyar NURTW 'yan asalin yankin, waɗanda suka san kowane rafi da kowace kwana, ta riƙa biyansu bisa adadin zuwan da suka yi a kan lokaci, tare da shaidar mai unguwa ko limamin gari. Ya kamata kuma motar ta zama mai ɗaukar mutum da kayansa, gama baƙauye ba ya zuwa birni hannu rabbana, kuma a keɓe wa mata kujerunsu.

Akwai sharuɗɗa biyu da in babu su duk wannan tsari ba zai tsayu ba. Na farko hanya: sau da yawa abin da ke yanke gari duk damina bai wuce ƙorama ɗaya da ke bukatar kwalbati ba, kuma tun da Katsina na cikin jihohin da ke cin gajiyar shirin RAAMP na hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa ke tallafa wa, ya dace a haɗa masu gyaran hanya da masu tsara motoci a majalisa ɗaya, ta yadda duk hanyar da aka gama za a ɗora mata mota. Na biyu tsaro, musamman a yankunan Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa, inda ta'addancin 'yan bindiga ya sa direbobi suka daina bin wasu hanyoyi. A can, lokacin tashin mota sai an shawarta shi da jami'an tsaro da dakarun sa-kai da jihar ta kafa a 2023.

Ana iya fara gwajin da ƙauyukan Batagarawa da Rimi da Kaita, waɗanda ke maƙwabtaka da birni, a ɗauki shekara guda cur, rani da damina, ana rubuta yawan waɗanda suka shiga da abin da ya fitar da su, sannan a kai lissafin gaban Majalisar Dokokin jiha lokacin muhawarar kasafin kuɗi.