Gidan Abincin Laka na Mesilla

A garin Mesilla na jihar New Mexico, Amurka, akwai gidan abinci mai suna La Posta. Tun 1939 ake dafa abincin Meziko mai barkono a cikinsa, amma ginin ya girmi haka nesa. Yana tsaye tun zamanin da kekunan dokin kamfanin Butterfield masu kai wasiƙu ke yada zango a garin, 1858 zuwa 1861. Tubalin laka ne, busasshen rana, irin aikin maginan Kano.

Fargabata ita ce ranar da irin wannan gini zai shiga kasuwa. Sabon mai shi yakan yi masa shafen siminti, siminti kuwa danshi yake tsarewa a ciki, har katanga ta zube daga tushe.