Mutuncin Mai Naƙuda Ba Alfarma Ba Ne

Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya fito da wasu alƙaluma biyu da ya kamata a riƙa karanta su tare. Kashi 67 cikin ɗari na masu juna biyu sun je awon ciki wurin ƙwararren ma'aikacin lafiya, amma kashi 39 ne kawai suka haihu a asibiti. A Arewa maso Yamma waɗanda suka haihu a asibitin ba su wuce kashi 16 ba, alhali a Kudu maso Gabas sun haura kashi 80. Matar da ta yi wata da watanni tana zaryar awo ta san hanyar asibiti, ta san inda ake yankar kati, ta san fuskokin malaman. Me ya sa ranar da ta fi kowace rana haɗari sai ta ja labulen ɗakinta ta aika a kira ungozomar unguwa? Amsoshin da aka saba ji su ne nisa, da rashin kuɗi, da jiran izinin maigida, da kunya, da naƙudar da ke tasowa tsakar dare babu abin hawa. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai dalilin da matan ke faɗa wa junansu a gidan suna, wanda bai cika isa kunnen hukuma ba, wato tsoron wulaƙanci a ɗakin haihuwa.

An riga an auna wannan magana. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa ta musamman kan cin zarafin mata a wuraren haihuwa, sannan ta jagoranci wani bincike a Najeriya da Gana da Gini da Myanmar, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2019. Masu binciken sun zauna cikin ɗakunan haihuwa sun kalli naƙudar mata 2,016 da idonsu, suka ga sama da kashi 40 cikin ɗari sun gamu da duka, ko zagi da tsawa, ko nuna bambanci. Cikin matan da aka yi wa ƙari, uku cikin huɗu ba a nemi yardarsu ba kafin a sa almakashi. Abin ya fi tsananta daga minti 30 kafin haihuwa zuwa minti 15 bayanta, lokacin da mace ba ta da ƙarfin kare kanta ko da da baki. A tuna kuma, duk wannan an yi shi ne ma'aikata na sane da cewa akwai baƙo a ɗakin yana kallo yana rubutawa.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin ba yana iya ɗauka ɗan faɗa ne kawai. Ga yarinya mai haihuwar fari, wadda aka raina a kan kada ko ƙaurinta ya fito waje, an kwance mata zani a gadon da ba labule, masu shara da ɗalibai na kai da kawo. Ana sa mata hannu a duba buɗewar mahaifa ba tare da an ce mata ga abin da za a yi ba. In ta yi ƙara a daka mata tsawa, a goranta mata da maganar da ba ta faɗuwa a bainar jama'a game da yadda aka samu cikin. Uwarta tana can bakin ƙofa an hana ta shiga, riƙe da takardar da aka rubuto na safar hannu da auduga da allura. Bayan an haihu a zo ɗinki, wani lokaci babu allurar kashe zafi. Ta fito da ɗanta a raye, a takardar asibiti an rubuta an yi nasara, amma ita ta riga ta yanke a ranta cewa ita da wannan ɗaki har abada, kuma za ta gaya wa ƙannenta da kishiyarta da maƙwabtanta.

Ta nan ne wulaƙanci ke zama sanadin mutuwa. Tun 1994 masana suka karkasa abin da ke kashe masu haihuwa zuwa jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mugun hali na da hannu a na farko da na uku. Matar da ke tsoron ɗakin haihuwa za ta daure a gida har sai naƙuda ta kwana biyu, wadda kuma aka yi wa tsawa sau ɗaya ba za ta sake buɗe baki ta ce kanta na sarawa ko idonta na ganin dishi-dishi ba, alhali waɗannan su ne manzannin jijjiga. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'o'i biyu. Doguwar naƙuda kuwa, in ba ta kashe ba, ita ce ke cika cibiyoyin yoyon fitsari irin na Babbar Ruga a Katsina. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kusan 75,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a 2023, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya.

Wulaƙancin ma ba a raba shi daidai. Binciken na 2019 ya nuna 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 da waɗanda ba su yi makaranta ba sun fi shan zagi. Matar da ta zo a mota, tana jin Turanci, ko wani babba ya bugo waya a kanta, ba a ɗaga mata murya. Wadda aka kawo daga ƙauye a bayan babur, ko Bafulatanar ruga da Hausarta ba ta nuna ba, ita ake cewa ba ta da tsafta, ita ake tambaya me ya sa take haihuwa barkatai, ita ake bari a benci har a kawo kuɗi, wani lokaci ita ake hanawa tafiya gida bayan tiyata sai an cika ragowar. Su ne kuma suka fi shiga haɗarin mutuwa. Haka abin yake a ƙetaren iyaka: littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003 kan asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, ciki har da Yamai, ya nuna yadda mai hanya ke samun fuska, wanda ba shi da kowa a yi masa riƙon sakainar kashi. Gwamnatin Najeriya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu a ƙarshen 2024, kuma abin a yaba ne, amma yafe kuɗi bai isa ya dawo da matar da aka kora da baki ba. Hausawa sun riga sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ungozomomin asibiti na da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Sukan ce idan kan ɗa ya sauko uwa ta haɗe ƙafafu, mari ɗaya ne ke ceton ran jariri, kuma gara ta ji haushi ta tafi da ɗanta. Tsoron nasu na gaske ne, don in ɗa ya mutu su za a tuhuma. Amma mace takan haɗe ƙafa ne saboda firgici da zafi, kuma mari na ƙara firgicin ne. Abin da aka gwada aka ga amfaninsa shi ne a bar wani nata a gefenta. An tattara gwaje-gwaje 26 da suka ƙunshi mata sama da 15,000, aka ga waɗanda ke da mai tallafa musu tun farkon naƙuda har ƙarshe naƙudarsu ta fi gajarta, kuma ba su cika kaiwa ga tiyata ba. Shi ya sa ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 suka ce a bar mace ta zaɓi mai zama da ita, ta zaɓi yanayin da za ta haihu, ko a durƙushe ne kamar yadda iyayenmu suka saba, kuma a daina yin ƙari ga kowa da kowa da danna ciki da hannu. Sannan in da gaske mari ceto ne, me ya sa ba a ceton matar kwamishina da shi?

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Ungozoma ɗaya a kan mata goma, da dare, ba wuta sai fitilar waya, ba ruwa a famfo, albashi ya makara, abokan aikinta sun tafi Ingila ko Saudiyya. Wanda aka wulaƙanta a wurin aikinsa ba wuya ya sauke a kan na ƙasa da shi. Don haka laifin ya haura har kan masu raba kasafin kuɗi, kuma duk gyaran da ya tsaya ga yi wa nas-nas wa'azi ba zai je ko'ina ba. Amma ƙarancin ma'aikata bai hana sallama, bai hana a kira mace da sunanta, bai hana a ce mata "zan duba ki yanzu, ki yi haƙuri" ba. A Kenya wani shiri mai suna Heshima ya yi aiki a asibitoci 13, ya horar da ma'aikata, ya ba su wurin sauke damuwarsu, ya haɗa su zama da jama'ar gari, sai matan da suka ce an wulaƙanta su suka ragu daga kashi 20 zuwa 13 cikin ɗari.

Masu cewa al'adarmu ce matsalar, kunya ce ke hana mata fita, su ma sai su lura cewa asibitin da ba labule yana tabbatar wa mai kunya abin da take gudu ne.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da hukuncin tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ta kuma wajabta a yi wa majinyaci bayanin halin da yake ciki da abin da za a yi masa, cikin harshen da yake ji, kuma ta ba shi damar kai ƙorafi. Maigida, kafin watan haihuwa ya kama, ka raka iyalinka awo ko sau ɗaya, ka tambayi shugabar ɗakin haihuwa ko za a bar mahaifiyarta ko yayarta ta zauna da ita. In an ci mutuncinta, kada a bar maganar a gidan suna. A rubuta rana da lokaci, a kai wa shugaban asibitin da kwamitin mazaɓa mai sa ido a kansa, ko da uwa da ɗa sun fito lafiya.