Yuriya: Takin Manomi Da Ya Tona Asirin Furotin

Manomi ya san yuriya a matsayin farin takin zamani da ake zuba wa masara, likita kuwa a cikin fitsari ya san ta. Amma a ɗakin binciken kimiyya tana da wani aiki dabam, watau warware furotin.

Furotin shi ne ma'aikacin jiki. Shi ke narkar da abinci, shi ke dakon iska cikin jini. Ƙirarsa kamar ta carbi ce: ƙwayoyi iri 20, waɗanda ake kira amino asid, a jere bisa zare guda. Sai dai zaren ba ya aiki a miƙe, sai ya nannaɗe ya ɗauki siffa tasa ta musamman, kamar yadda dogon ƙyalle ba ya zama rawani sai an naɗa. In aka tsoma shi cikin kakkauran ruwan yuriya, sai ta sassauta abin da ke riƙe da naɗin, ya warware, aikinsa ya tsaya cik, alhali zaren bai tsinke ba.

To, wa ke yin naɗin tun farko? Wani masani a Amurka, Christian Anfinsen, ya ba da amsa wajen 1961. Ya ɗauki wani furotin daga kayan cikin saniya mai suna ribonukiliyas, mai ƙwayoyi 124 da ƙulli huɗu na farar wuta. Ya warware shi da yuriya, ya kwance ƙullin da wani magani, sa'an nan ya janye su duka biyu. Abin mamaki, sai zaren ya naɗe kansa yadda yake a da, aikinsa ya komo kusan gaba ɗaya. Da ya bar ƙullin suka ɗauru yuriya tana nan, sai suka ɗauru barkatai, domin hanyoyin ɗaurin 105 ne, ɗaya tak ce daidai, aikin da ya komo kuwa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ashe umurnin naɗin yana cikin jerin ƙwayoyin ne. Wannan ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1972.

Ba kullum ake dacewa haka ba. Dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye, don zarurrukansa sun sarƙe da juna bayan zafi ya warware su. Irin wannan cunkushewar furotin da ya naɗu ba daidai ba ita ake samu a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer, da kuma cutar haukan shanu da aka gano a Ingila a 1986.