Allurar da ke ƙona kansa: abin da na gano kafin mu sayar da filin Kawu

Da idanun Kawu suka yi rawaya, kowa a zangonmu na Kumasi cewa ya yi shawara ce. Wata biyu ana dafa masa saiwoyi, yana ta ramewa, bayansa na ciwo. Sai da aka ɗauki hoton ciki likita ya ce kansa ce ta fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, mai samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Ƙarin ya riga ya naɗe manyan jijiyoyin jini, don haka tiyata ba za ta yiwu ba. Haka cutar take, yawanci ba a gano ta sai ta yi nisa.

Ana cikin haka wani ɗan'uwa ya turo bidiyo a WhatsApp: wai a ƙasar waje ana ƙona kansar da allura, shi ke nan. Nan take dangi suka fara maganar sayar da filin Kawu.

Na roƙi a ba ni mako guda in bincika. Maganin gaskiya ne, likitoci na kiransa RFA. Ana soka siririyar allura cikin ƙarin, ko ta hanyar buɗe ciki, ko ta bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki. Sai a saki lantarki mai saurin kaɗawa, ya zafafa naman har ya wuce digiri 60, ƙwayoyin wurin su mutu. An daɗe ana yin sa ga ƙananan ƙari a hanta da ƙoda.

Amma fankiriyas ba hanta ba ce. Tana manne da hanji da bututun ɗaci da jijiyoyin jini, dole likita ya bar gefen ƙarin bai ƙona ba. Ana iya samun zubar jini, ko kumburi, ko yoyon ruwan gaɓar. Kuma wani gwaji da aka yi a Holan, mai suna PELICAN, ya kwatanta waɗanda aka haɗa wa RFA da kemo da waɗanda aka yi wa kemo kaɗai. Ba a ga ƙarin tsawon rai ba.

Na zauna na faɗa wa Kawu komai. Ya yi shiru, can ya ce, "To, ɗana, a bar wa yara filinsu."

Ba mu daina magani ba. An sa masa ɗan bututu ya buɗe hanyar ɗaci, rawayar ta ragu, ƙaiƙayi ya lafa. An ba shi maganin ciwo mai ƙarfi, har ya koma sallar Juma'a sau uku kafin Allah ya karɓi abinsa.

Jama'a, in babba ya yi shawara tare da rama, a garzaya asibiti. In kuma an kawo muku maganin waje, ku tambayi likita tukun: zai warkar ne, zai ƙara kwana, ko sauƙi kawai zai kawo?

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.