Sana'ar Ɗaukar Bidiyo: Amana Ce Jarin Farko

A yau da wuya ka je ɗaurin aure, ko suna, ko walimar saukar Alƙur'ani, ko buɗe sabon shago a Kano, Kaduna, Zariya ko Maraɗi, ba ka ga matashi riƙe da kyamara yana kai-komo ba. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da fim ɗin Turmin Danya a Kano, harkar bidiyo ta kafu a ƙasar Hausa, ta kuma yaye masu ɗaukar hoto da editoci masu ɗimbin yawa. Yanzu kuwa wayar hannu da TikTok da Instagram sun buɗe ƙofar ga kowa. Wannan alheri ne, domin sana'a ce da matashi zai fara da ɗan abin hannunsa, ya rufa wa kansa asiri, har ya ɗauki yaran aiki.

Sai dai koke-koken masu biki iri ɗaya ne ko'ina. An ɗauki hoto amma magana ba ta fita. An yi wata uku ba a kawo aiki ba. Memori ya lalace. Mafi muni, amarya ta tsinci kanta a intanet ba da saninta ba. Duk cikin waɗannan babu wanda rashin kyamara mai tsada ya jawo, sakaci da amana ne. Wanda ya kira ka aiki ya damƙa maka ranar da ba za ta maimaitu ba a rayuwarsa, kuma yadda ka riƙe wannan rana ne zai ɗaga sunanka ko ya zubar da shi.

Sauti da haske a wurin ɗauka

Mai kallo yakan jure hoto mai ɗan duhu, amma ba ya jure maganar da ba ya ji. Dubi ɗaurin aure: wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, a shaida, a shafa fatiha. Duka-duka 'yan mintoci ne, cikin cunkoso, ga ƙarar janareta, ga maroƙa a waje. Makirfon da ke jikin kyamara hayaniyar da ke kusa da kai zai kwaso, ya bar muryar liman can nesa. Don haka ka tanadi ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, ko ka ajiye na'urar naɗar sauti kusa da inda za a yi siga, bayan ka nemi izinin masu masallaci. A wurin dina kuma ka roƙi mai kayan kiɗa ya haɗa ka da na'urarsa kai tsaye. Abin sauraro ya kasance a kunnenka daga farko har ƙarshe, kana lura da ma'aunin sauti: magana ta tsaya wajen -12, kada ta taɓa 0, domin sautin da ya fashe babu edita da zai iya ɗinke shi.

Akwai wata matsala da ke ɓata aikin sababbin shiga, wato layuka masu ƙiftawa da ke bi ta kan hoto a zauren biki. Dalilinta shi ne, wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60. Kyamarar da aka shigo da ita daga can takan zo a saite a kan firam 30 ko 60 a daƙiƙa, sai ta yi karo da fitilunmu. Ka mayar da ita firam 25, saurin ƙiftawarta kuma 1/50, mafi yawan lokaci matsalar za ta kau.

Wajen haske, ka auna da fuskar mutum. Farar babbar riga a tsakar rana tana ruɗar kyamara, ta dusashe hoton har fuska ta yi baƙi ƙirin. Idan da hali, ka ja mutane inuwa. Sannan kada idonka ya tsaya a kan ango da amarya kaɗai. Ɗauki hannun da aka yi wa lalle, da goro da alawar da ake rabawa, da takalman da aka jera a ƙofar masallaci, da fuskar kaka tana sa albarka. Kowanne ka riƙe shi kamar daƙiƙa goma ba tare da girgiza ba. Da irin waɗannan ake rufe gurbin yanka, su ne kuma iyali ke komawa suna kallo bayan shekaru. Lokacin hunturu ka guji sauya madubin kyamara a fili saboda ƙura, da bazara kuma kada ka bar ta a rana, domin zafi yana sa ta kashe kanta ana tsakiyar aiki.

Ajiya kafin barci

Bidiyo yana da cin wuri. Hoton 4K, wanda ya ninka na 1080 sau huɗu, idan ana naɗarsa a kan megabit 100 a daƙiƙa, yana cinye kusan gigabait 45 a awa ɗaya. Bikin kwana uku da kyamara biyu zai cika kwamfuta nan da nan. Masu sana'a a duniya suna bin ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku na kowane aiki, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam, ko gidan ɗan'uwa ko a intanet. Hikimar ita ce, ɓarawo ko gobara ba za su tafi da duka a dare ɗaya ba.

Duk gajiyar da ka kwaso, kada ka kwanta sai ka juye katin memori a wuri biyu, ka buɗe ka ga yana wasa. Kada ka goge kati kafin haka. Gara kati huɗu matsakaita da babba guda ɗaya, don in ɗaya ya ci amanarka sauran su tsira. Ka kuma kiyayi katin jabu, wanda ke nuna girman da ba shi da shi, sai an gama aiki a tarar rabin hoton ba ya buɗuwa. Saya a wurin da za a ba ka rasit, ka cika shi da bidiyo a gida ka gwada kafin ranar aiki. Kwamfutar tebur kuma tana buƙatar batirin riƙe wuta, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar juyi tana lalata fayil.

A teburin tacewa

Ba dole ne ka fara da manhajar kuɗi ba. DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design tana da nau'in kyauta da ya isa aikin biki da talla. CapCut ta dace da gajerun bidiyo na waya. Premiere Pro ta Adobe sai da biyan kuɗin haya, Final Cut Pro kuwa a na'urorin Apple kaɗai take aiki. Abin gudu shi ne manhajar sata, wadda sau da yawa ke zuwa da ƙwayar cutar da za ta kulle maka aikin mutane. Idan kwamfutarka tana nishi da 4K, ka sa manhajar ta yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi ka yi yanka da su, in an zo fitarwa ta koma kan na asali.

Bi aiki daki-daki. Fara da rarraba hotuna: kamu dabam, ɗaurin aure dabam, kai amarya dabam. Daidaita sauti da hoto. Jera labarin tukuna, ka zubar da duk abin da ba ya ƙara komai, sannan ka gyara sauti, sai launi, rubutu ya zo ƙarshe. Wanda ya fara da ado kafin jeri zai yi aiki biyu. Yawan walƙiya da juye-juyen hoto tsakanin yanka da yanka alamar sabon hannu ce. Yanka tsaf ya fi daɗewa bai tsufa ba. Wajen launi kuma, kada ka wanke fatar amarya har danginta su kasa gane ta. Sunaye da sarautu ka sa mai biki ya rubuto maka su da kansa, ka kuma zaɓi salon rubutun da ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ.

Batun waƙa yana buƙatar hattara. YouTube yana da tsarin Content ID da ke gano waƙar mai haƙƙi, ya karkatar da kuɗin talla zuwa ga mai haƙƙin ko ya toshe bidiyon. Ga tallar kamfani musamman, ka yi amfani da kiɗan da aka ba da lasisinsa, ko ka biya mawaƙi ya yi maka naka. In za ka miƙa aiki, ka tambayi inda za a kalla: na talbijin da YouTube a kwance yake, 16:9, na TikTok da sitatus na WhatsApp a tsaye, 9:16. WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau, sai dai a tura shi a matsayin fayil.

Lissafi da takarda

Da yawa daga cikin masu wannan sana'a uwar kuɗinsu suke ci suna zaton riba ce. Kyamara tana tsufa, batir yana mutuwa, kuma da dala ake shigo da su. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, kuɗin sufuri da na kayan aiki suka yi tashin gwauron zabi. Ga misalin lissafi: idan kayanka sun kai naira miliyan 3, kana sa ran su yi shekara 3, kana samun aiki 50 a shekara, to kowane aiki sai ya ajiye naira 20,000 ta sabunta kaya kafin a yi maganar mota, man janareta, data, kuɗin yaro da ladan hannunka. Ka tuna kuma kwanakin da za ka yi zaune kana tacewa sun fi ranar ɗauka yawa, su ma kuɗi ne. Karya farashi don ƙwace aikin ɗan'uwa yana kashe kasuwar kowa, har da taka.

Kada zumunci ya hana ka rubutu. Takarda ɗaya ta isa, ko saƙon WhatsApp da kowa ya amsa: wurare da ranakun da za a ɗauka, yawan kyamara, tsawon bidiyon, ranar miƙawa, sau nawa za a yi gyara kyauta, da tsawon lokacin da za ka ajiye hoton asali. Karɓi kafin alƙalami, rabi ko fiye, kafin ka tsayar da rana, ciko kuma kafin ka miƙa aikin ƙarshe. Kada ka zama telan sallah, mai karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfinsa ya koma ɓuya. In mako uku aikin zai ci, ka ce huɗu, ka kai a uku. Idan harka ta fara kankama, ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ka buɗe asusun banki na sana'a dabam da naka. Kamfanoni da ƙungiyoyi sun fi sakin jiki da mai rajista da rasit. Mai son tayar da ƙaramin jirgi marar matuƙi (diron) kuma ya sani cewa hukumar NCAA ce ke da iko da wannan a Najeriya, kuma ba a kusantar filin jirgi ko barikin soja da shi.

Sirrin gidan mutane

Nan ne amanar ta fi nauyi. Kyamara tana shiga inda baƙo ba ya shiga. A wurin sa lalle da kamu, mata suna sakin jiki domin suna ganin a cikin 'yan'uwansu suke. Matar aure da ta taka rawa a tsakar gida ba ta yi don duniya ta gani ba. Daƙiƙa talatin da ka ɗora don neman mabiya za ta iya girgiza aure, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa.

Doka ma ba ta bar wannan ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bai wa wanda ya sa aka ɗaukar masa hoto ko bidiyo don amfanin gidansa ikon hana a yaɗa shi, sai fa in an yi wata yarjejeniya dabam. Akwai kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Saboda haka in kana son tallata aikinka da bikin wani, nemi izini a fili, ka nuna masa ainihin abin da za ka ɗora. In ya ce a'a, magana ta ƙare. Kulle kwamfutarka da lambar sirri, ka ja wa yaranka kunne kan tura hoto a wayoyinsu, ka kuma cire ma'ajiya kafin ka kai na'ura wurin mai gyara. Wannan fanni yana jiran 'yan'uwa mata su shigo da ƙarfi, domin gidaje da yawa sun fi samun natsuwa idan mace ce ta ɗauki taron mata, ta kuma tace shi.

Ku kuma masu biki, kada araha kaɗai ta ja ku. Ku nemi ganin cikakken aikin da mutum ya taɓa yi, ku saurari sautinsa, ku tambaye shi inda yake ajiya, ku rubuta sharaɗin yaɗawa, sannan ku biya shi haƙƙinsa a kan lokaci. Kai kuma ɗan'uwa mai kyamara, ka koyi aikin a hannun waɗanda suka riga ka, ka cika alkawari, ka rufa asirin gidan da aka shigar da kai. Iyalin da ka riƙe wa amana ranar aure su ne za su kira ka ranar suna, su kuma nuna ka ga maƙwabta. Allah Ya sa albarka a cikin neman.