Ruwan garinmu: aikin masana da aikin hukuma

Yara, gari kamar gida ne. In ana son ya zauna lafiya, sai mutane iri biyu sun haɗa kai: masana, masu awo da bincike, da mahukunta, masu yanke shawara. Bari mu duba abin da ya faru a ƙasarmu.

A da, birnin Maraɗi a cikin fadama yake, kusa da Gulbi. A shekarar 1945 Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya rushe gidaje masu yawa. Sai hukuma ta tashi garin, ta maida shi bisa tudu. Aka auna fili, aka fidda hanyoyi miƙaƙƙu masu faɗi. Shi ya sa har yau tsakiyar Maraɗi take layi-layi. Wannan haɗarin ido ya gan shi, kowa ya yarda.

Amma akwai haɗarin da ido ba ya gani. A shekarar 1985 mutanen Tibiri suka fara shan ruwan wata rijiya mai zurfi, irin wadda ake ce ma foraji. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗaci. Ashe akwai wani sinadari a ciki mai suna fuluwor, wanda ke fitowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa.

Fuluwor kaɗan yana ƙarfafa haƙori. In ya yi yawa, cuta ne. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 cikin lita guda. Na Tibiri ya ninka haka fiye da sau 3. Haƙoran dubban yara suka yi ja, ƙafafun waɗansu ɗaruruwa suka lanƙwashe, don ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. An yi shekara fiye da 10 ana shan ruwan nan kafin a daina, a nemo ma garin wani.

Ku lura: tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fidda fuluwor. Sai a ɗakin awo ake gano shi. Masani ne ke aunawa, amma ba shi da ikon rufe famfo. Mahukunci na da iko, amma in bai nemi awo ba, ba zai sani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haka zancen yake a Jiratawa, inda ake noman rani da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kayan lambun can su ake ci a Maraɗi. In manomi ya zuba maganin ƙwari fiye da kima, ɗan birni zai ci shi cikin miya. Don haka ake bukatar shawarar masanan INRAN na Tarna, da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma hukuma ta yi aiki da ita.

Mu riƙe: ba kowane ruwa mai haske ne ke da lafiya ba. A auna tukuna, sannan a sha.

Tambayoyi
1. Don me aka maida Maraɗi bisa tudu?
2. Mene ne ya cuci yaran Tibiri?
3. Mene ne aikin masani, mene ne na mahukunci?

Aiki: ku tambayi iyayenku daga ina ruwan gidanku yake zuwa, ku rubuta amsar.