Fasahar sarrafa tsofaffin kaya

Fasahar sarrafa tsofaffin kaya ita ce amfani da abubuwan da aka gama da su aka yar, kamar gwangwani, tsohuwar taya, waya da kwalabe, domin ƙera kayan aiki, na wasa ko na ado. A ƙasar Hausa buƙatar yau da kullum ce ta haifar da ita, shi ya sa aka fi ganin ta a kasuwa da tsakar gida.

A ƙasar Hausa

A garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi a jihar Katsina, kamar sauran garuruwan Arewa, 'yan gwangwan ne ke bi unguwa-unguwa suna sayen tsofaffin ƙarafa da robobi, daga nan wasu kayan su isa hannun masu sana'a. Da gwangwanin madara ko na tumatir ake yin fitilar aci-balbal da mazurari. Ana yanka takalma daga taya, a ɗinka guga da robar cikinta. Masu zubi kuwa suna narkar da tsohon alminiyam su zuba shi cikin ƙirar yashi, su fitar da tukwane da ludaya. Yara ma ba a bar su a baya ba: sukan haɗa mota da gwangwani ko karan dawa, su yanka mata tayoyi daga tsohon silifas.

A shekarar 2011 an gina gida a ƙauyen Yelwa da ke jihar Kaduna da gorunan roba da aka cika da yashi, aka jera su a madadin bulo.

A sauran duniya

A ƙarni na 20 ne wannan fasaha ta samu gurbi a gidajen baje kolin zane-zane. A 1942 Pablo Picasso ya haɗa sirdin keke da kan keke ya fitar da siffar kan sa. El Anatsui, ɗan ƙasar Gana da aka haifa a 1944, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1975, ya yi suna wajen ɗinke dubban marafan kwalabe da wayar tagulla su zama kamar ƙaton mayafi. A 2015 an ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya a bikin baje kolin birnin Benis na Italiya.

Ƙalubale

Fitilu masu batir da na sola sun rage kasuwar aci-balbal, kayan roba na kamfani kuma suna gogayya da aikin hannu. Akwai kuma batun lafiya: idan aka gauraya tarkacen mota ko na batir wajen zubin tukunya, gubar dalma na iya shiga abinci. Saboda haka tantance kayan kafin narkarwa na da muhimmanci ga mai zubi da mai girki baki ɗaya.